Yadda ake shirya wa jirgin mishan mai saukar ungulu in zai ɗauki mara lafiya a ƙauye

A wurare irin su tsaunukan Papua New Guinea ko dazukan Madagaska akwai ƙauyukan da sai an yi kwana biyu ana tafiyar ƙafa kafin a ga asibiti, amma jirgi mai saukar ungulu cikin mintuna ya kai. Ƙungiyoyin mishan masu jirage irin su Helimission da Ernst Tanner ya kafa a Switzerland a 1971 aikinsu kenan, haka Ethnos360 Aviation ma. Toh amma rabin aikin a hannun mutanen ƙasa yake, matuƙi shi kaɗai ba zai iya ba.

Da farko kira. Ko ta oba-oba ne ko wayar satalayit, mutum ɗaya ya yi magana, wanda ya ga mara lafiyan da idonsa. Ya faɗi shekaru, me ke damunsa, tun yaushe, yana numfashi daidai, jini na zuba, in naƙuda ce awa nawa aka yi, in maciji ne ƙarfe nawa ya sare shi. Dan Allah kar a ƙara gishiri don jirgi ya zo da wuri, ƙila a daidai lokacin akwai wata can da jini ya ɓalle mata kuma jirgin ɗaya ne tal. A faɗi nauyin mara lafiya da na mai rakiya tsakani da Allah, ƙaramin jirgi kamar R66 kujera biyar ce har da ta matuƙi, kuma in wurin kan tsauni ne ƙarfin ɗaukarsa raguwa yake. Yawanci mutum ɗaya ne zai raka, a zaɓe shi tun jirgi bai iso ba, kar a tsaya gardama inji na cin mai.

Sai fili. Shimfiɗaɗɗe, kamar mita 30 kowane ɓangare, ba dogayen bishiyoyi kusa, in akwai waya da ta gitta a sanar da matuƙi tun a rediyo domin daga sama ba a ganinta. A kwashe leda, zane, kwanon rufi, duk abin da iska za ta ɗaga, a yayyafa ruwa in akwai ƙura, a ɗaure dabbobi, a sa manya su riƙe yara nesa. Ɗan hayaƙi a gefen fili yana nuna masa inda iska ta dosa.

In ya sauka kowa ya tsaya inda yake sai matuƙi ya yi alama da hannu. Ta gaba ake zuwa inda yake ganinka, a sunkuye, in gangare ne ta ƙasa-ƙasa. Bayan jirgi kuwa kar ma a kusanta, ƙaramar farfelar wutsiya in tana juyawa ido baya ganinta kuma kisa take nan take.

Yanzu abin da yafi ciwo. Wani lokaci matuƙi zai ce ba zai taso ba saboda gajimare ya rufe tsauni ko dare ya yi, ku kuma kuna kallon naku yana ta shan wahala. Kar a matsa masa, kar a ce masa ina bangaskiyarka. A watan Maris na 2023 wani jirgin mishan a Palawan ta ƙasar Filifin ya ɓace a teku ɗauke da mara lafiya da 'yan rakiya da nas da matuƙi, su ma ransu suke sawa a aikin nan. Ku ci gaba da abin da nas ke faɗa ta rediyo, ku yi addu'a, ku jira gari ya waye.

In kuma rai yayi halinsa, ko kafin jirgi ya iso ko a asibiti, a kira a sanar nan da nan, in jirgi bai iso ba sai ya juya ga wani. Kar kowa ya fara cewa da an yi kaza da bai mutu ba, ko addu'arsu ce bata kai ba, Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san abin da zai yi. Fasto da 'yan ikilisiya su zauna da iyalin, ba sai an cika su da wa'azi ba. A tambayi mishan ko za su iya dawo da gawa gida da yadda kuɗin yake, sannan wani ya aika wa matuƙi da nas saƙo su san yadda aka ƙare, domin sau da yawa suna sauke mutum a asibiti su tashi basu sake jin labarinsa ba.