Daga Akwatin Zaɓe Zuwa Kujerar Majalisa: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Da zarar an bayyana sakamakon zaɓen wata ƙasa, akan ji masu sharhi suna cewa an tafka maguɗi, don kawai yawan kujeru bai yi daidai da yawan ƙuri'u ba, alhali sau da yawa babu wanda ya taɓa akwati. Tsakanin ƙuri'ar da aka kaɗa da kujerar da aka hau akwai doka, kuma kowace ƙasa da irin tata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa jam'iyyar da ta samu kashi 30 cikin 100 na ƙuri'u za ta tashi da kashi 30 na kujeru. A zaɓen Birtaniya na ranar 4 ga Yulin 2024, jam'iyyar Labour ta samu kimanin kashi 34, amma ta kwashe kujeru fiye da 400 daga cikin 650. Jam'iyyar Reform ta tara ƙuri'u sama da miliyan 4, ta tsira da kujeru 5 kacal, ita kuwa Liberal Democrats, wadda ba ta kai ta ƙuri'u ba, ta samu 72. Dalili shi ne kowace mazaɓa kujera ɗaya gare ta, kuma wanda ya zo na ɗaya shi ke ɗauka ko da tazarar ƙuri'a guda ce, sauran ƙuri'un kuwa sun bi ruwa. Saboda haka jam'iyyar da magoya bayanta suka taru a wasu yankuna takan ci riba, wadda nata suka warwatsu ko'ina kuma ta yi ta zuwa ta biyu a banza. Haka ake zaɓen 'yan Majalisar Wakilai 360 da sanatoci 109 a Najeriya. Gyaran mai sauƙi ne: a irin wannan tsari a bi sakamako mazaɓa bayan mazaɓa, a daina dogaro da jimillar ƙasa. Wanda ya yi haka ba zai yi mamakin zaɓen Kanada na 2019 ba, inda jam'iyyar Conservative ta fi ƙuri'u amma Liberal ta Justin Trudeau ta fi kujeru.

Kalmar rinjaye ma tana jefa mu cikin ruɗani, domin muna amfani da ita ga wanda ya fi kowa da kuma wanda ya wuce rabi, alhali abubuwa biyu ne. Kamata ya yi mai rubutu ya fayyace wanne yake nufi, sannan ya duba ko akwai ƙarin sharaɗi. Ɗan takarar shugabancin Najeriya, ban da fin kowa ƙuri'u, sai ya samu kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi. A 1979, lokacin jihohi suna 19, Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12 amma ya gaza kaɗan a Kano, sai da Kotun Ƙoli ta amince da hujjar cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba.

Wasu kuma da sun ji an ce ƙasa tana raba kujeru gwargwadon ƙuri'u, sai su ɗauka babu ƙuri'ar da ke faɗuwa ƙasa. Akasarin irin waɗannan ƙasashe suna da shingen da sai jam'iyya ta tsallake. A Jamus kashi 5 ne, kuma shi ya fitar da jam'iyyar FDP daga majalisa a 2013, da ta tsaya a kashi 4.8. Na Turkiyya a 2002 kashi 10 ne, jam'iyyu biyu kaɗai suka haye, shi ya sa jam'iyyar AKP ta samu kujeru 363 cikin 550 da kimanin kashi 34 na ƙuri'u. Kafin a yi hasashe, a nemi sanin tsayin shingen.

Akwai kuma gaggawar taya murna ga wanda ya zo na ɗaya. A tsarin firaminista, galibi gwamnati ta wanda ya iya haɗa fiye da rabin majalisa ce. Jam'iyyar Geert Wilders ce ta zo ta ɗaya a zaɓen Holand na 2023 da kujeru 37 cikin 150, amma bayan ciniki na watanni wani daban, Dick Schoof, ya zama firaminista. A Afirka ta Kudu, inda majalisa ke zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyar ANC ta samu kujeru 159 cikin 400 a 2024, dole ta nemi ƙawance da tsohuwar abokiyar hamayyarta DA kafin Shugaba Cyril Ramaphosa ya zarce. Tambayar da ta dace a yi, a ganina, ita ce wa zai yarda ya zauna da wa.

Mutanen Nijar sun ga wannan da idonsu. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo kan gaba a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, amma jam'iyyun da ke bayansa suka haɗa kai, Mahamane Ousmane ya lashe zagaye na biyu. Da ƙawancen ya watse, aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995, 'yan adawa suka samu fiye da rabin kujeru, shugaban ƙasa ya wayi gari ba shi da mafita sai naɗa Hama Amadou na jam'iyyar Tandja firaminista. Shugaba da firaministansa suka shiga takun saƙa a kan iko, har Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnatin a Janairun 1996.