Yadda Za Ka Bi Sawun Numfashinka da Yatsunka

Sau uku ina haddace zanen huhu daga littafi, sau uku yana zubewa da zarar na rufe shafin. Abin bai zauna mini ba sai ranar da na ture littafin gefe na kai hannu wuyana. Tun daga nan haka nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni.

Fara da hanci. Aikinsa ya tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta. Shaƙi iska ta baki na minti ɗaya, za ka ji maƙoshinka ya bushe ƙamas. Bambancin ke nan.

Sai ka ɗora yatsa a kan zakaran wuya, guringuntsin da ke kare akwatin murya. Rufe baki ka ce "mmm", za ka ji yana karkarwa. Yanzu haɗiyi yawu, yatsan na wurin. Ka ji ya haura ya dawo? A wannan haurawar ce wani ɗan murfi ke rufe ƙofar iska, abin da ka haɗiya ya bi ta baya. In mutum ya yi dariya yana haɗiya, murfin bai gama rufewa ba, shi ne sai ya ƙware.

Ɗaga haɓa kaɗan ka shafo ƙasa a hankali, ban da dannawa. Gargadar da kake ji zobban bututun iska ne. A babban mutum tsawon bututun ya kai santimita 10 zuwa 12, zobbansa 16 zuwa 20. Ba cikakkun zobba ba ne, siffar harafin C gare su, bayansu a buɗe, domin hanyar abinci na manne a nan, tana bukatar wurin buɗawa in loma za ta wuce.

Wurin da na fi so shi ne na gaba. Daga ramin gindin wuya, gangaro da yatsa kan ƙashin ƙirji kamar santimita 5, za ka ci karo da ɗan tudu a gicciye. Haƙarƙari na biyu a nan yake haɗewa. Can ciki, daidai wannan tudun, bututun ya rabu gida biyu. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, kuma ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa in yaro ya shaƙi maɓalli ko wani ƙaramin abu, galibi dama yake faɗawa.

Daga nan yatsa ya gaza, sai a yi da tunani. Rassan na ci gaba da rabuwa wajen sau 23, suna sirancewa, har su ƙare a jakunkunan iska ƙanana, miliyan 300 zuwa 500. Bangonsu siriri ne ainun, jijiyoyin jini sun nannaɗe su, ta nan oksijin ke shiga jini, gurɓatacciyar iska ta fita. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, don zuciya ta ci masa wuri. Abin da ya ba ni mamaki, kan huhu ya ɗan zarce ƙashin da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Na daɗe ina zaton can ƙasa yake.

Kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Huhu ba shi da ƙarfin jawo iska da kansa. Wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce tsakanin ƙirji da ciki ke sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta kwararo. Wannan tsokar ce ke ɗaga hannunka da ke kan ciki.

In kana son ƙirga numfashi, babban mutum a zaune lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Amma kada ka ƙirga naka, domin da ka sa ido zai canza. Ƙirga na wani, kuma kada ka gaya masa.