Yadda Ake Zaɓen Katin Girafik Mai Sauƙin Kuɗi Don Zanen Kayan Injin CNC a Gida

Yaran da nake koya wa zanen kayan ƙarfe na injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, a Garwa, kusan duk kuskurensu ɗaya ne: sai su fara da tambayar katin girafik, wato abin da ke fitar da hoto a allo, da ya fi ƙarfi. Ɗan'uwa, fara da manhajarka tukuna. Fusion 360 da FreeCAD suna tafiya lafiya lau da katin 'yan wasan gem. SolidWorks ce mai tsirfa, ba ta buɗe RealView, mai nuna zane kamar na gaske, sai da katin da ta amince da shi, irin su Quadro na kamfanin Nvidia. Lissafin hanyar da wuƙar injin za ta bi kuwa, galibi aikin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kati ba zai sa ya yi sauri ba.

Na biyu, kuma nan ne na ƙone hannu: buɗe akwatin kwamfutar, ka karanta takardar da ke manne a jikin alimantasiyo, wato abin da ke raba wuta a ciki. Tsofaffin Dell da HP na ofis, 'yan siraran nan da suka cika kasuwa, yawanci wat 180 zuwa 240 ne da su. Ni ban duba ba, na sayo RX 580 na hannu don na ga araha. Shi kaɗai yana jan wat 185, yana kuma neman waya mai fil 8 da babu ita a akwatina, ga shi murfin ma ya ƙi rufuwa. Na canza akwati da alimantasiyo mai arha, sai zafin Afrilu ya zo, ma'auni ya haura digiri 40. Ina tsakiyar zanen wani giya na inji, fanka ta ɗau kuka, allo ya yi baƙi. Aikin wuni guda ya tafi.

Ramin PCIe, inda ake soka katin, wat 75 yake bayarwa. Ka tsaya kan katin da wannan ya ishe shi. Quadro P1000 mai giga 4 yana cin wat 47, T600 wat 40, kuma dukansu gajeru ne masu shiga siririn akwati. Ni dai P1000 nake cewa kowa ya saya. In bai samu ba, GTX 1650, irin wanda ba ya buƙatar ƙarin waya. GT 710 kuwa asarar sefa ce, ko kyauta aka ba ka.

Af, ka ware 'yan kuɗi na mahaɗin Mini DisplayPort zuwa HDMI, don waɗannan Quadro ba su da ramin HDMI.

Kafin ka biya, a saka katin a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z; tana tona asirin jabun da aka sauya wa suna. A bar shi ya yi aiki minti 15, ka duba zafinsa. A gida ka sauke direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, daga shafin Nvidia, ka jona wayar allo a jikin katin, ba a tsohon ramin ba. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar fanka duk wata.