Kurakuran da Masu Babur Ke Yi Wajen Zaɓen Wandon Hunturu

Duk wanda ya taɓa fita da asuba a kan babur a watan Janairu, daga Saminaka zuwa Jos ko daga Gazawa zuwa Maraɗi, ya san inda ɗari ke fara kama mutum: gwiwa da cinya. Su ne a gaba, su ke cin karo da iska. Amma sai ka ga ɗan'uwa ya sha jibgegiyar rigar sanyi, ya naɗe kai da rawani, ya sa safar hannu, a ƙasa kuwa wandon yadi ne shara-shara. Kafin ya yi tafiyar rabin sa'a ƙafar ta sandare, kuma ƙafar da ta sandare ba ta saurin taka birki. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, ya fi mura da ciwon gaɓoɓi.

Kuskuren farko shi ne ɗauka cewa kauri shi ne ɗumi. A kan babur iska ce abokiyar gaba. Idan sanyin safiya ya kai digiri 10, kana gudun kilomita 60 a sa'a, fatarka za ta ji kamar kusan digiri 5 ne. Wandon ulu ko na saƙa, komai kaurinsa, iska ratsa shi take yi ta kwashe ɗumin da jiki ya tara. Gyaran shi ne a yi hawa uku. Na ciki siriri mai kama jiki, na tsakiya mai laushi da ke riƙe ɗumi, na waje kuma mai tare iska. Siraran wanduna uku da aka jera haka sun fi ƙato ɗaya mai nauyi, kuma idan rana ta ɗaga kana iya cire na tsakiyar. Hunturunmu ai haka yake: da safe haƙora na kaɗawa, da azahar kana neman inuwa. Wanda ya sayi wando mai audugar ciki da aka ɗinke ta, ba ta cirewa, kafin la'asar ya jiƙe sharkaf da gumi.

Gumin nan ne ya kawo mu kan auduga. Mutanenmu suna son ta, kuma da zafi babu kamarta, amma a matsayin wandon ciki lokacin sanyi ba ta da amana. Tana shan gumi ta riƙe, sai jiƙaƙƙen yadi ya kwanta a kan fata, iska na bugawa ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. A nemi na ulu siriri ko na zaren roba irin na 'yan ƙwallo, masu saurin bushewa.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari, a ganina, a wurin 'yan gwanjo ake yinsa. Je ka Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, za ka tarar da tulin wandunan da Turawa ke sawa wajen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Suna da kumburi, suna da ɗumi, suna da araha, a ido kuma sun yi kama da na masu babur. To amma an yi su ne don faɗuwa a kan ƙanƙara mai santsi. Kwalta kamar dutsen niƙa take. Idan mutum ya zame a kanta, siririn nailan ɗin nan yagewa yake yi nan take, wani ma ya narke saboda zafin gogayya ya manne a cikin rauni. Ko faɗuwa ba a yi ba, da zarar ƙafar wandon ta taɓa salansa mai zafi ta ƙone. Jins na kasuwa ma bai fi haka da yawa ba: iska na shigarsa, kwalta kuma na cinye shi cikin ƙiftawar ido. Araha ba ta ado.

Wandon babur na gaskiya ana gane shi da abu biyu. Na ɗaya yadin waje: fata, ko saƙa mai tauri irin Cordura, ko jins da aka yi wa shafi da zaren Kevlar a gwiwa da mazaunai. Na biyu, aljihunan da ake cusa garkuwar gwiwa da ta kwankwaso. Juya wandon ka duba takardar da ke ɗinke a ciki. A Turai, tun 2020 ake auna tufafin masu babur da ma'aunin EN 17092, mai matakai irin su AAA, AA da A. AAA ya fi juriyar gogayya, A kuma shi ne mai sauƙi na zirga-zirgar cikin gari. Garkuwar kanta tana da nata ma'aunin, EN 1621-1, mataki na 1 da na 2, kuma na 2 ya fi shanye ƙarfin bugu. Ga mai bin babbar hanya, AA da garkuwa mataki na 2 zaɓi ne mai kyau. Sai dai a kula, buga haruffan CE, alamar cika ƙa'idar Turai, a jikin kaya ba wuya ba ne, kuma jabu sun yi yawa. Zaro garkuwar ka lanƙwasa ta a hannu. Idan soso ne kawai irin na katifa, ko ta bushe tana tsagewa saboda tsufa, ba ta da sauran amfani. Ana iya sayen sabuwa a sa a aljihun, tunda yadin ya fi garkuwar daɗewa.

Sai gwaji a tsaye. Mutum zai sa wando a shago, ya dubi madubi, ya ga ya yi masa cif, ya biya. Yana hawa babur ya lanƙwasa gwiwa, ƙafar wandon ta haye sama ta bar idon sawu a waje, garkuwar ta koma kan cinya, ƙugu kuma ya zame ya buɗe gadon baya. Gwada shi a zaune, in da hali a kan babur ɗinka, kana sanye da wandon cikin da za ka riƙa sawa. Ya kamata garkuwar ta rufe ƙoƙon gwiwa da saman ƙwauri, kada ta riƙa yawo idan ka murza ta da hannu. A tsaye wandon zai yi maka kamar ya ɗan yi tsawo; haka ake so. Kada kuma ya matse ka, domin matsi na rage gudun jini, ƙafa ta ƙara yin sanyi. Mai faɗin baki shi ma matsala ne, yana hura iska kamar mazurari, yana kuma iya maƙalewa a sarƙa ko a abin sa giya. A samu mai maɗauri a idon sawu, ya hau kan takalmi mai dogon wuya, da doguwar safa a ciki.

Akwai wani abu da masu ƙera waɗannan kaya ba su cika tunawa da shi ba, mu kuwa dole mu tuna: alwala da sallah. Wando mai taurin garkuwa yana wahalar da sujada da zaman tahiya, shi ya sa da yawa ke sayensa su jefar da shi a ɗaki bayan mako guda. Mafita ita ce irin wanda ake ɗorawa a kan wandon gida, mai dogon zif a gefe daga ƙugu har ƙasa. Kana isa masallaci ko wurin aiki ka zuge shi ba tare da ka cire takalmi ba, ka naɗe a sit.

Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ce shi ke nan. Siririn wandon ciki, jins mai kauri, garkuwar gwiwa ta ɗaurawa a kai, sannan wandon ruwan sama daga waje don tare iska, sun fi wandon yadi nesa ba kusa ba, in dai an nisanta ledar wandon ruwan da salansa. Wajen wanki kuma a fara zare garkuwa, a wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa. Dutsen guga da shanya a gefen murhu suna lalata shafin da ke tare iska, kuma idan ya lalace tela ba ya iya mayar da shi.