Yadda Ƙungiyar NFL Za Ta Tantance Gurbin Da Za Ta Fara Cikewa

A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wasan da ake jefa ƙwallo da hannu ana kuma gudu da ita, ƙungiyoyi 32 suna zaɓen matasan 'yan wasa daga jami'o'i kowane watan Afrilu, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. A fara duba mai jefa ƙwallo, wato kwatabak. Idan ƙungiya ba ta da nagari, a ɗauki sabon kwatabak kafin kowa, domin tun daga 2011 an ƙayyade albashin sabbin 'yan wasa, don haka za a samu rarar kuɗin ƙarfafa sauran gurabe. Idan akwai shi, sai a nemi ƙaƙƙarfan da zai tsare masa gefen hagu. Mai gudu da ƙwallo kuwa, a ganina, gara a bar shi sai zagayen baya na zaɓen, saboda jikinsa kan gaji da wuri.