Darasi na Tara: Cutar Masara a Gona da a Rumbu

A ƙasar Adar hatsi ne uban abinci, dawa na biye da shi. Masara sai a fadama da garka, kamar a kwarin Magiya da filayen ban ruwa na Ƙonni, ko a bayan gida inda taki ya yi yawa. Amma ku leƙa kasuwar Tawa lokacin da rumbuna suka fara sauka, za ku tarar buhunan masara ne jibge, mafi yawansu daga Najeriya da Benin. Ke nan ko ba ka noma ta, kana cin ta. Shi ya sa darasin yau ya shafi kowa a cikin ajin nan, maza da mata.

Yadda ake gane cutar

Cututtukan da za mu duba dangin fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayarta ta fi gari laushi, ido ba ya ganin ɗaya. Iska na ɗaukar ta, ruwan sama na fantsama ta daga ganye zuwa ganye. Tana son zafi da laima, don haka watan Agusta ne lokacinta.

Shiga gonarka da sassafe, ka kama ganyen masara, ka goga yatsa a kai. In ka ga jan gari ya manne maka kamar ka taɓa tsohon ƙarfe, wannan ita ce tsatsa. In kuwa ganyen ya yi tabo dogaye masu launin busasshiyar ciyawa, tabon na haɗuwa har ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi, wannan ƙunar ganye ce. Tana farawa daga ganyen ƙasa ta hau sama. Ganye shi ne madafar shuka. In ya ƙone kafin goyo ya cika, tsaba za ta fito a tsumbure.

Burtuntuna kuwa kun san ta a dawa da hatsi. A masara tana yin ƙullutu fari-fari a jikin goyo, wani har ya kai dunƙulen hannu. In ya fashe, baƙin gari ne ke zuba kamar dakakken gawayi. Kada ka jira ya fashe. Yanke shi tun yana fari, ka fitar da shi daga gonar, ka ƙone ko ka binne da zurfi, domin garin nan na iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran wata shukar.

Abin da ya faru a Amurka

Wani dattijo a ajinmu ya taɓa ce mini: "Malam, ai wannan ciwon gonar talaka ne, wanda ba shi da taki ba shi da magani." Na ce masa: "Baba, bari in ba ka labarin masu tarakta."

A shekarar 1970 ƙunar ganye ta faɗa wa masarar Amurka. Cikin damina ɗaya ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar gaba ɗaya, a wasu wuraren kudu ma rabin amfanin ya tafi. Ba taki suka rasa ba, ba kuɗi ba. Kamfanonin iri ne suka samo wata masara da ke sauƙaƙa musu aikin haɗa iri, sai kowa ya koma kanta, har kusan kashi 85 cikin 100 na gonakin suka zama jini ɗaya. Ashe wannan jinin ba ya iya tsaya wa wani sabon nau'in cutar. Da ta kama gona ɗaya, babu abin da ya tare ta har iyakar ƙasar. Shekarar da ta biyo baya sai da suka koma wa tsohon jini kafin abin ya lafa.

Mu ma Afirka ta Yamma mun ɗanɗana. A 1949 wata tsatsa daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Saliyo. Masarar nan ba ta taɓa haɗuwa da ita ba, sai ta bazu ƙasa bayan ƙasa, har a 1952 ta isa Kenya.

Wannan ne abin da nake so ya zauna muku. Kakanninmu da ke shuka hatsi da dawa da wake a gona ɗaya, suna ajiye iri mai saurin nuna da mai jinkiri, ba rashin sani ba ne. In ka samu sabon iri mai kyau, ka karɓa, cibiyar binciken noma ta INRAN don haka take aiki. Amma kada ka zubar da na gida. Shuka sabon a gefe, tsohon a gefe. Kada kuma ka maimaita masara a wuri ɗaya kowace shekara, ka sa wake ko gyaɗa a tsakani. Karan da ya yi ciwo a kwashe shi bayan girbi. Kafin shuka a gauraya iri da maganin da malamin gona ya nuna, a rufe hannu da hanci, a wanke hannu da sabulu, kuma irin da aka sa wa magani ba a cin sa, ko kaji ba a ba su.

Wadda ke ɓuya a rumbu

Wannan ta fi tayar mini da hankali, don ba ganye take kashewa ba. Masarar da aka adana da sauran danshi tana yin fumfuna kore-kore mai ruwan ɗorawa. Fumfunar na zuba guba a cikin tsaba, sunanta afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana hana yara girma, tana shiga nonon uwa da na saniya. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta yi haka. Gyaɗa ma tana kamawa.

Iyaye mata, nan aikin ya zo hannunku. Kada a shanya masara a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tabarma ko leda. Tsabar da ta canza launi, ko ta huje, ko take warin ruma, a tsince a binne, kada a ce a ba awaki. In kun je awo a kasuwa, ku cusa hannu cikin buhu, ku ɗebo daga ƙasa, ku sansana.

Ga yadda za ki san ta bushe. Samu kwalba busasshiya, ki zuba tsaba cikin hannu ɗaya da gishiri cokali biyu, shi ma busasshe. Rufe ki girgiza sosai, ki ajiye ɗan lokaci, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa, a mayar da ita rana. In ya zube ƙasa wasai, a ɗura a buhu, a ɗora buhun a kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: tsatsa, burtuntuna, fumfuna. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da ganye ɗaya mai tabo a ƙulle cikin leda, ko tsaba cikin hannu daga rumbun gidansa. Ni zan kawo kwalba da gishiri.