Babi na Shida: Buga Zanen Yanka Daidai da Girmansa

Darasi na 1: Takarda

Zanen yanka, wato zanen da ake bi a yanka yadi kafin ɗinki, da kuka saya a intanet, ko wanda aka turo muku ta WhatsApp, yana zuwa ne a fayil ɗin PDF. Riga guda an rarraba ta shafi-shafi, sai an buga sannan a haɗa. Takardar da ake samu a shagunan kwamfuta na wajenmu sunanta A4: faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Mutanen Amurka suna da tasu mai suna Letter, ta ɗan fi A4 faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba. In fayil biyu aka ba ku, ku ɗauki wanda aka rubuta A4 a jikin sunansa.

Darasi na 2: Akwatin gwaji

A nan yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Ba abin kunya ba ne.

A ɗaya daga cikin shafukan, galibi na farko, akwai ɗan akwati mai kusurwa huɗu. A cikinsa an rubuta girmansa, misali 10 cm, wato santimita 10, a wani zanen kuma inci 4. Ku ce wa mai shago: "Malam, shafin nan kaɗai za ka fara buga mini." Shafi ɗaya tak.

Kafin ya danna, ku leƙa allon kwamfutar. In da Adobe Reader ya buɗe, za ku ga kalmar Fit, haruffa uku, da kuma Actual size. Fit tana matse zanen don ya shiga takarda. Ba ma son ta. Actual size muke so, ko kuma 100%.

Takarda ta fito? Ku auna akwatin. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya. Ku duba abin da aka rubuta cikin akwatin ku juya fuskar da ta dace. Ku fara daga sifili, daidai kan layi. Ku auna a kwance, ku sake aunawa a tsaye. In tef ɗinku ya tsufa ya miƙe, ku ari rular yaranku ta makaranta.

Goma cif? Madalla, a buga sauran. In 9.6 ya nuna, a sake. Wata za ta ce, "Malama, ai ɗan kaɗan ne." A akwati kaɗan ne. A rigar da kewayen ƙirjinta santimita 100 ne, huɗu sun tafi ke nan, kuma hammata da wuya duk sun tsuke. Atamfar da almakashi ya riga ya shiga, ina za ki samo huɗun nan?

Na sha faɗa a aji, amma har yanzu ana kawo mini shafuka tuli an buga, akwati ko tef bai gani ba. Haba 'yan uwa! Mai shago zai ce muku duk ɗaya ne, don layi na jiransa, kuma ba shi zai biya mai kaya ba. Kuɗinku ne. Ku je da tef a jaka, ku auna a gabansa. In kun canza shago, ku sake aunawa. In an canza firinta, ku sake. In gobe kuka dawo buga ragowar, ku sake.

Darasi na 3: Haɗa shafuka

Kowane shafi yana da lamba ko harafi a gefe. Ku yanke farin gefen dama da na ƙasa, ku jera a tabarma, alama ta haɗu da alama, ku manna da salatef. In layi ya ƙi haɗuwa, ku koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Babbar takarda

Wasu shaguna suna bugawa a babbar takarda mai suna A0, zanen duka a falle ɗaya ko biyu. Ta fi tsada. Ita ma a auna akwatinta kafin a biya.